"There is" ko "there are"? Inda dokar jituwa ta Turanci ke tuntuɓe

Ga jimloli biyu na Turanci. Ta farko: "There is a pen and a book on the table." Ta biyu: "There are a pen and a book on the table." Abu ɗaya suke faɗi, wato akwai biro da littafi a kan tebur. In aka miƙa su ga ɗalibin da ke shirin WAEC ko JAMB aka ce ya zaɓi daidai, lissafi zai yi: biro ɗaya, littafi ɗaya, biyu ke nan, biyu kuwa jam'i ne, saboda haka "are". In kuma aka karanta su ga ɗan Landan ko Ba'amurken da aka haifa cikin harshen, ta farkon za ta wuce masa salin-alin. Ta biyun ma zai gane ta, sai dai kunnensa zai ɗan tsaya a tsakanin "are" da "a", don ba kasafai yake jin su a jere ba.

Ɗalibin yana da hujja, Baturen ma yana da tasa, kuma littattafan nahawu na Turanci sun daɗe da sanin wannan saɓani.

Dokar da ɗalibin ya dogara da ita ita ce wadda malaman Turanci ke kira "concord", wato jituwa tsakanin aikau (mai yin aikin a jimla) da aikatau (kalmar aikin): aikau tilo ya ɗauki aikatau tilo, jam'i ya ɗauki jam'i. Wani reshe na dokar ya ce idan aka haɗa sunaye biyu ko fiye da "and", sun zama jam'i ko da kowannensu tilo ne. Tsohuwar doka ce. Lindley Murray, Ba'amurken da ya zauna a Ingila ya wallafa littafin nahawunsa a 1795, ya sa ta cikin dokokinsa na ginin jimla, kuma an yi shekaru da dama ana karantar da yara da littafin nan a Ingila da Amurka. Dokar ba ta da aibi muddin aikau ne ya fara zuwa. "A pen and a book are on the table." A nan babu gardama ko kaɗan, ba za ka sami mai harshen da zai sa "is" ba. Da Hausa ma haka muke yi, mu ce Musa ya zo, amma Musa da Audu sun zo.

Rigimar tana tashi ne da zarar "there" ta shigo gaba ta tura sunayen bayan aikatau.

Sai an fara gane mece ce wannan "there". Turanci yana da guda biyu masu rubutu iri ɗaya. Ɗaya tana nuna wuri, can ko nan, ana kuma furta ta da ƙarfi. Ɗayar ba ta nuna ko'ina, ana furta ta a raunane, aikinta kawai ta buɗe jimlar da ke sanar da samuwar wani abu. Shi ya sa ake iya cewa "There is nobody there", ko ma "There is nobody here", ba tare da magana ta ci karo da kanta ba. Otto Jespersen, masanin harshe ɗan Danmak da ya ƙarar da rayuwarsa kan nazarin Turanci, shi ya yaɗa kiran irin waɗannan jimloli da suna jimlolin samuwa, tun cikin shekarun 1920.

Turanci harshe ne da ba ya yarda a bar kujerar aikau babu kowa. Ko ruwan sama za a ce ana yi, sai an ajiye "it" a gaba. To a jimlar samuwa "there" ce ke zaune a kujerar, amma riƙon ƙwarya take yi. Duk alamun sarauta suna hannunta: idan za a yi tambaya ita ke musayar wuri da aikatau, a ce "Is there a problem?", idan aka liƙa 'yar gajeriyar tambayar nan ta ƙarshen jimla ita ake maimaitawa, a ce "There is a problem, isn't there?" Waɗannan su ne gwaje-gwajen da ake gane aikau da su a Turanci, kuma da su Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum suka kafa hujja a babban littafin nahawunsu na Cambridge na 2002 cewa "there" ce aikau a ginin jimla, sunan da ke biye kuwa aikau ne da aka gusar daga mazauninsa. Abu ɗaya ne ba ta da shi, shi ne adadi. Ita ba tilo ba, ita ba jam'i ba. Sai ta ara daga sunan da ke bayanta: "There is a goat outside", "There are goats outside". Aron yana iya tsallake kalmomi da yawa ma, kamar a "There seems to be a problem" da "There seem to be problems", inda sunan da ke can ƙarshen jimla ne ke juya aikatau na farko.

To idan abin da ke bayan ba suna ɗaya ba ne, jeri ne, adadin wa za a ara? Na jerin gaba ɗaya, ko na wanda ya fi kusa?

Randolph Quirk da abokan aikinsa uku, a littafinsu na 1985 wanda har yau yana cikin manyan madogaran nahawun Turanci, sun nuna cewa jituwa ba igiya ɗaya ke jan ta ba, uku ne. Akwai ta siffar kalma, inda ake duba ko suna tilo ne ko jam'i a ƙirarsa. Akwai ta ma'ana, inda ake duba abin da ake nufi, shi ya sa Turawan Ingila ke cewa "the government are divided" idan suna nufin mutanen da ke cikin gwamnatin. Sai ta kusanci, inda aikatau ke bin sunan da ya fi maƙwabtaka da shi. A yawancin jimloli igiyoyin uku gefe ɗaya suke ja, ba a ma lura da su. A "There ... a pen and a book" kuwa sai su rabu: ma'ana ta ce abubuwa biyu ne, kusanci ya ce abin da ke gaban aikatau "a pen" ne, tilo tsantsa.

Dalilin da ya sa kusanci ke rinjaye a nan ba boyayye ba ne idan aka tuna yadda magana ke fita daga baki, kalma bayan kalma. Mai cewa "A pen and a book..." ya riga ya gama jera kayansa kafin ya iso aikatau, ya san biyu ne, mai sauraro ma ya sani. Mai cewa "There..." kuwa dole ya zaɓi aikatau tun bai ambaci ko abu ɗaya ba. Sau da yawa shi kansa bai yanke yawan abin da zai lissafa ba. Yana leƙa ɗaki ne yana faɗin abin da idonsa ya faɗa a kai: akwai gado, da kujera, af, da fanka. Shi ma mai sauraro, idan ya ji "there are" yana jiran jam'i ne, sai ga "a" ta tare shi, sai ya wuce "and" sannan lissafi ya daidaita.

Abin da zai tabbatar maka cewa kusanci ne ke aiki shi ne a juya jerin. Ɗauki tebur ɗaya da kujeru biyu. Idan kujerun suka fara zuwa, "There are two chairs and a table", kowa ya yarda, daga malamin nahawu har mai sayar da kifi a kasuwar Billingsgate ta Landan, don ma'ana da kusanci sun haɗu. Idan teburin ya fara zuwa, mafi yawan masu harshen "There is a table and two chairs" za su ce, alhali kayan ba su ragu ba, guda uku ne a duka jimlolin. Kaya iri ɗaya, ɗaki ɗaya, aikatau ya canja don kawai an canja wanda ke gaba. Ita kuwa "There are a table and two chairs" daidai ce a doka, ana kuma samun ta a rubuce-rubucen da aka tace sosai, sai dai tana da ɗan tauri a baki.

Wani zai ce ai ragwancin baki ne kawai, mutane sun saba da taƙaitacciyar "there's" suna jefa ta ko'ina. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, zan dawo kansa, amma bai wadatar ba. A shuɗaɗɗen lokaci babu taƙaitawa, "was" ce ko "were", kuma duk da haka "There was a man and a woman at the gate" ita ce ta fi zama a kunnen masu harshen. Marubuta masu kula da alƙalaminsu suna rubuta ta a cike, ba cikin gaggawa ba. Ƙamus ɗin Merriam-Webster na yadda ake amfani da Turanci, wanda ya fito a 1989, ya tattara misalai daga rubuce-rubuce ya nuna cewa idan jerin sunaye ya biyo bayan aikatau kuma na farkonsu tilo ne, ana samun tilo ana samun jam'i, kuma ba yau aka fara ba.

Bayanin da malamai da yawa ke bayarwa don su halasta "is" shi ne wai jimloli biyu ne aka dunƙule: "there is a pen" da "there is a book", aka share maimaicin. Bayani ne mai daɗin koyarwa a aji, yana kuma kwantar wa ɗalibi hankali, don ya ga ba a karya doka ba. Sai dai ba ya ɗaukar kowane misali. Duba "There is a man and a woman talking to each other." Idan aka raba ta gida biyu, za a sami mutum guda yana magana da juna, abin da ba ya yiwuwa. Ko kuma "There is a man and a woman who want to see you", inda "want" ta zo a jam'i saboda su biyun ake nufi, amma "is" ta farko ba ta motsa ba. A jimla ɗaya, sunaye iri ɗaya sun ɗauki tilo ta gabansu, jam'i ta bayansu. Wannan ya nuna jerin yana nan a haɗe a matsayin jam'i, aikatau ɗin farko ne kawai bai hango ƙarshensa ba.

Masana ginin jimla sun yi ta kai-kawo a kan haka. A 1997 Nicholas Sobin ya wallafa wata maƙala a mujallar Linguistic Inquiry, bayan ya gwada irin waɗannan jimloli a kan masu harshen ya ga yadda suke fifita tilo idan sunan farko tilo ne. Ya tafi da nisa, har ya ce jam'in da ake sawa bayan "there" ba daga asalin nahawun da yaro ke tashi da shi ya fito ba, wasu dokoki ne na ƙawa da makaranta ke ɗora wa mutum daga baya, ya kuma kira su ƙwayoyin cuta na nahawu. Bayan shekara biyu Carson Schütze ya mayar masa da martani a mujallar, da take mai cewa waɗannan jimloli ba su kamu da wata cuta ba, jam'in ma ɗan gida ne. Ni dai na fi karkata ga Schütze, don ba sai an je makaranta ake cewa "There are goats outside" ba. Amma abin lura shi ne inda gardamar tasu ta tsaya: a kan matsayin "are" suke jayayya. Ba wanda ya tsaya yana tuhumar "There is a pen and a book."

Wanda ya yi karatun nahawun Larabci a zaure ko a Islamiyya bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba. A Larabci idan fi'ili (aikatau) ya rigayi fa'ili (aikau), a mufuradi (tilo) yake zama ko da fa'ilin jam'i ne, a ce "zahabar rijalu". Idan sunan ya fara zuwa kuwa sai a ce "ar-rijalu zahabu". Idan aka yi aɗafi, wato aka haɗa sunaye da "wa", fi'ilin da ya gabata na farko yake duba: "zahaba Zaidun wa Hindun", amma "zahabat Hindun wa Zaidun". Da za a gabatar da sunayen biyu, dole alifin tasniya, alamar abu biyu, ya bayyana a ƙarshen fi'ilin. Har laƙabi malaman nahawu suka yi wa lugar masu sa alamar jam'i a fi'ilin da ya gabata, suka ce da ita "akalunil baragis", ƙumaje sun cinye ni. Wato abin da ɗalibinmu ke ɗauka kuskure ne a Turanci, a Larabci shi ne fasaha. Masana harsuna sun sami wannan ɗabi'a ta bin na kusa a harsuna da dama da ba su haɗa dangi ba, kuma ta fi bayyana idan aikatau ne a gaba.

Wasu harsunan kuma sun huta da rigimar gaba ɗaya. "Akwai" ɗinmu ba ta canja kama, akwai akuya, akwai awaki, akwai akuya da tunkiya. Abin da ke biye da ita ma ba aikau ba ne, shi ya sa muke cewa akwai ta, akwai su, yadda za mu ce an gan ta, an gan su. Mutanen Nijar da suka yi boko da Faransanci sun san "il y a" haka take, ko abu ɗaya ko dubu. Jamusanci yana da "es gibt", ita ma ba ta motsi. Sifaniyanci ne ya fi ban dariya. Doka a can ta ce tilo za a riƙe kullum, a ce "había muchas personas", amma jama'a da yawa, musamman a Kudancin Amurka, suna mayar da shi jam'i su ce "habían", hukumar kula da harshen da ke Madrid kuma tana cewa kuskure ne. Malamin Sifaniyanci yana jan kunnen yara don sun sa jam'i, malamin Turanci yana jan kunnen nasa don sun ƙi sawa, a jimla mai ma'ana ɗaya. Turanci ya tsaya ne a tsakiya, bai saki jituwa kamar Faransanci ba, bai kuma riƙe ta gam ba.

Yanzu batun "there's", wanda dole a raba shi da abin da ya gabata, don cakuɗa su ne ke rikita ɗalibai. A maganar yau da kullum masu harshen suna sa "there's" gaban jam'i tsantsa: "There's two men at the door", "There's lots of people outside". Wannan ba kusanci ba ne, tunda sunan da ke kusa ɗin ma jam'i ne. Abin da ya faru shi ne "there's" ta daskare ta zama kalma ɗaya mai aikin "akwai". Furuci ma ya taimaka, don taƙaita "there are" zuwa "there're" yana da wuyar fita, ra biyu a jere. Haka ake jin "Here's your keys" da "Where's my shoes?" Douglas Biber da abokan aikinsa, da suka gina littafin nahawunsu na Longman na 1999 a kan tarin maganganu da rubuce-rubuce na gaske, sun nuna cewa wannan ya zama ruwan dare a hira, amma da wuya a gan shi a rubutun ilimi. Sali Tagliamonte ta yi nazarin maganar mutanen birnin York a Ingila ta wallafa a 1998, ta ga cewa jimlolin samuwa ne wurin da "was" ta fi shiga gaban jam'i. Ba kuma lalacewar zamani ba ce: a wasan Macbeth na Shakespeare, wanda ya haura shekara 400, akwai layin da ke cewa "There's daggers in men's smiles."

Saboda haka abubuwa uku ne daban-daban, darajarsu kuma ba ɗaya ba. "There is a pen and a book" karɓaɓɓiya ce a baki da a takarda. "There's two pens" ta hira ce, ba a kai ta takardar neman aiki ko amsar jarrabawa. "There is many people", a cike ba taƙaitawa kuma a rubuce, kuskure ne a daidaitaccen Turanci, duk mai duba takarda zai ja mata layi. Wannan ta ukun ce ya kamata Bahaushe mai koyon Turanci ya fi tsoro, don "akwai" ta saba masa da kalmar da ba ta motsi, sai ya ɗauki "there is" ya yi ta aiki da ita haka nan. Abin takaici, sau da yawa ƙarfin aji yana ƙarewa ne a kan ta farkon, wadda ba laifi a cikinta.

Akwai wuraren da "is" ba ta ma buƙatar kusanci ya kare ta. Idan sunaye biyun abu ɗaya ake ɗaukar su, tilo ne ko a ina suka zauna. "There is rice and beans in the pot": shinkafa da wake a nan kwano ɗaya ne, ba a ƙirga su biyu. Haka "bread and butter", haka "law and order". Ko a gaban aikatau ma cewa ake "Rice and beans is my favourite food". Sunayen da ba a ƙirgawa su ma sun fi son tilo, "There is dust and smoke everywhere", kuma duk wanda ya rubuta "There are dust and smoke" zai ji ta yi masa wani iri. Korewa ma haka: "There is no light and no water", jimlar da ba sai an fassara wa ɗan Nijeriya ba. Sa "are" a nan ba gyara ba ne, ɓatawa ne.

Da "or" da "nor" kuwa rigimar ba ta kai haka ba, don su kusanci ne dokarsu ta asali, wadda ake koyarwa a kowace sakandare. Abin kula kawai shi ne a jimlar samuwa na kusa shi ne na farko, ba na ƙarshe ba kamar yadda aka saba. A ce "Either the teacher or the students are inside", amma "There is either a teacher or some students inside". Su kuma "as well as", "together with" da "along with" ba sa tara adadi tun farko, sunan farko kaɗai ake dubawa. Tarko na gaske yana wurin "a lot of" da "a number of". Suna farawa da "a", sai ɗalibin da ya haddace cewa a bi na kusa ya rubuta "There is a lot of cars". A rubutu mai tsari "There are a lot of cars" ake so, da "There are a number of reasons", don ainihin sunan shi ne wanda ya biyo bayan "of". "There is a lot of water" kuwa daidai ce, tunda ruwa ba a ƙirga shi.

Wani nau'in kuma shi ne na lissafo waɗanda aka sani. A ƙa'ida jimlar samuwa tana gabatar da sabon abu ne, shi ya sa ta fi tafiya da "a", "some", "no" da lambobi. Amma idan aka tambayi mutum wa zai taimaka da aikin, yana iya cewa "Well, there's Musa and Audu, and there's you and me." A irin wannan jeri kusan kullum "there's" ce, "There are Musa and Audu" ba ta zama. Lura kuma da "me" a wurin, ba "I" ba, daidai da yadda muke cewa akwai ni. A nan Turanci ya matso kusa da Hausa ƙwarai.

Kada kuma a ɗauka duk inda aikatau ya rigayi jeri haka abin yake. Idan aka fara da wuri ba tare da "there" ba, kamar "On the table are a pen and a book", marubuta sun fi sa jam'i, don babu mai riƙon kujera, jerin shi ne aikau kai tsaye, salon kuma na rubutu ne da aka zauna aka tsara. Duk da haka tsohon Turanci ya fi sassauci ko a nan. A fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 akwai "And now abideth faith, hope, charity, these three", aikatau tilo a gaban abubuwan da ayar da kanta ta ƙirga ta ce uku ne.

To me ɗalibi zai yi ranar jarrabawa? A tambayoyin zaɓi, ya fara duba sunan da ke bin gurbin. In jam'i ne, "are" ko "were", an gama. In tilo ne kuma "or" ko "as well as" ke biye, ko sunayen biyu abu ɗaya ne, "is" ko "was". Saura guda ɗaya tak mai gardama: tilo mai ƙirguwa, sai "and", sai wani suna daban. A nan littattafan makaranta ba bakinsu ɗaya ba, wasu na koyar da bin na kusa, wasu na koyar da tarawa. Ra'ayina shi ne mai tsara jarrabawa da ya san aikinsa bai kamata ya sa wannan a tambayar da ke da amsa ɗaya ba, don duk wadda ya zaɓa ya kayar da yaron da ya bi wani ingantaccen littafi. Idan ta fito duk da haka, ɗalibi ya bi abin da littafin da aka koyar da shi ya ce. In ba shi da madogara, ni "is" zan ba shi shawara, don ita ce ta fi yawa a bakin masu harshen, manyan littattafan nahawu kuma sun san da ita.

A rubutun insha'i ko wasiƙa kuwa, inda alƙalami ke hannunka, ba dole sai ka bi ta wurin ba. Idan akwai jam'i a jerin, kawo shi gaba: "There are two chairs and a table." Idan duk tilo ne, ko dai ka fara da su, "A pen and a book are on the table", ko ka sa lamba ta share hanya, "There are two things on the table: a pen and a book", ko ka canja aikatau ɗin gaba ɗaya, "The room has a bed, a chair and a fan." Duk waɗannan ba mai iya ja musu layi, ko wane littafi ya karanta.

Nauyin da ya rage na malami ne mai jan biro. Idan yaro ya rubuta "There is a mosque and a school in my village", bai yi kuskure ba, bai kamata a rage masa maki ba. Idan wani ya rubuta "There are a mosque and a school", shi ma a bar shi, in ya so a nuna masa a gefen takarda cewa akwai hanyar da ta fi laushi. Jan layin a ajiye shi domin "There is many schools" da "There are a mosque", waɗanda babu littafin da ya yarda da su.